Gidan Nunin Kifaye Da Amanar Ruwa A Wuyan Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin tudu da kogi, wanda Ya sanya ruwa ya zama asalin dukkan abu mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito wani hadisi daga Abud Darda'i, Allah Ya yarda da shi, a kan falalar ilmi. A cikinsa an bayyana cewa halittun sammai da ƙasa suna nema wa malami gafara, har da kifayen da ke cikin ruwa. Malamai masu sharhi sun tsaya a kan wannan gaɓa, suka tambaya: mene ne haɗin kifi da malami? Daga cikin amsoshin da suka bayar akwai cewa malami shi ne ke sanar da mutane halal da haram, shi ne ke hana su zalunci da ɓarna, saboda haka amfanin ilminsa yakan kai har ga dabbar da ba ta san shi ba. Watau ke nan, kifi yana cin albarkacin ilmin ɗan Adam, kuma yana cutuwa da jahilcinsa. A kan wannan tushe filin wannan mako zai dubi wani wuri da aka gina musamman domin sanar da mutane halittun ruwa, watau gidan nunin kifaye, da darasin da ke cikinsa ga mutanen birnin Sakkwato.

Tsakanin Sakkwato da bakin teku akwai tafiyar wajen kilomita 1,000. Galibin mutanen birnin ba su taɓa ganin teku ba, kuma ba su san kifi ba sai soyayye a faranti, ko banda a kasuwa, ko daskararre a cikin kwali. Alhali kuwa ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma wajen kashi 97 cikin 100 na wannan ruwa mai gishiri ne. Akwai rami a cikin Tekun Fasifik wanda zurfinsa ya kusa kilomita 11. Wanda bai san kome ba game da wannan ɓangare na mulkin Allah, to, sunan da Bahaushe ya ba irinsa shi ne kifin rijiya, wanda ke tsammanin bakin rijiyarsa nan ne iyakar sama.

Gidan nunin kifaye gini ne da ake jera manyan tankuna masu bangon gilashi, a zuba musu ruwan teku ko na kogi, a sa halittun ruwa a ciki da ransu, jama'a su shiga su duba. An buɗe na farko irinsa a gidan namun daji na London a shekarar 1853. Daga nan abin ya bazu. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu an buɗe wani a 1995, a Jidda kuma, a bakin Bahar Maliya inda alhazai ke sauka, an buɗe na Fakieh a 2013. Aikin riƙe irin wannan gida ba ƙarami ba ne. Dole a riƙa tace ruwan dare da rana, a auna gishirinsa da ɗuminsa, a tura masa iska, a ba kowace halitta irin abincinta, a raba masu cin juna. A jikin kowane tanki ana rubuta sunan halittar da mazauninta da abin da ke barazana gare ta, ga kuma ma'aikata masu yi wa 'yan makaranta bayani. Darussan da mai ziyara ke fita da su guda uku ne, kuma kowanne yana da asali a cikin Littafin Allah.

Darasi na farko shi ne dubawa da idon basira. Alƙur'ani mai girma ya yawaita kiran mutum ga kallon halitta. A cikin Suratul Gashiya an zargi waɗanda ba su duban raƙumi su ga yadda aka halicce shi, a cikin Suratul An'ami kuwa, aya ta 38, an sanar da cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. Raƙumi yana tudu, kowa na ganinsa. Amma al'ummomin ruwa a ɓoye suke, sai gilashi ya yaye labulen. A nan ne yaro zai ga wata halitta mai hannuwa takwas da zuciya uku, wadda ke sāke launin jikinta ta saje da dutse. Zai ga ɗan ƙaramin kifin da ake kira dokin teku, wanda namijinsa ne ke ɗaukar ƙwai a cikin jaka har ya ƙyanƙyashe. Za a gaya masa cewa hasken rana yana raunana da zarar an wuce zurfin mita 200, kuma a ƙasa da mita 1,000 babu sauran haskenta, sai halittun da Allah Ya sanya wa fitila a jikinsu. In yaron ɗan makarantar allo ne, zai tuna da misalin duffai bisa duffai a cikin teku mai zurfi da ya zo a Suratun Nur, aya ta 40. Gani dai ya kori ji.

Akwai labari mai ban sha'awa a kan abin da kallo ke haifarwa. Wani masani na Jami'ar Kambirij mai suna Hans Lissmann ya ziyarci gidan kifaye na London, sai ya lura da wani kifin Afirka yana iyo da baya cikin sauri kamar yadda yake iyo gaba, ba ya kuwa karo da kome. Ya ɗauki abin da muhimmanci, ya bincika, a shekarar 1951 ya bayyana cewa kifin yana fitar da wutar lantarki mai rauni daga wutsiyarsa, da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin gurɓataccen ruwa. Wannan kifi ba baƙo ba ne ga masuntan ƙasar Hausa, shi ne yauni, wanda waɗansu ke kira ɗan sarki. Shekaru aru-aru ana kama shi ana ci a ƙasar nan, sai da wani ya tsaya ya dube shi da ransa sa'an nan ayar da ke jikinsa ta bayyana. Wannan abin tunani ne ga al'ummar da aka fara yi wa wahayi da umurnin karatu.

Darasi na biyu shi ne cewa halittun ruwa a ɗaure suke da juna, kowace tana rayuwa da wata. A saman teku akwai waɗansu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne abincin ƙananan halittu, su kuma ƙananan su ne abincin kifi, kifi kuma abincin wanda ya fi shi. Masana sun tabbatar cewa kusan rabin iskar da rayuka ke shaƙa domin rayuwa daga waɗannan tsirrai take fitowa. Murjani kuma, wanda aka ambata a Suratur Rahman, ba dutse ba ne kurum, gini ne na ƙananan halittu masu rai, kuma a cikin kogunansa dubban irin kifaye ke ɓuya suna hayayyafa. In ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani yakan yi fari fat ya mutu, kifayen su watse. A cikin wannan sura ɗin dai Allah Ya ambaci ma'aunin da Ya aza, Ya kuma hana ƙetare haddi a cikinsa. Misali a kusa shi ne Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas. A shekarun 1950 aka kai giwan ruwa aka zuba a cikinsa domin ƙara yawan kamu. Giwan ruwa ya yi yawa, ya cinye ƙananan kifayen tafkin, har irin kifi wajen 200 suka ɓace. Kifin da ke abin alfahari a Argungu ya zama annoba a inda ba a ajiye shi ba.

Darasi na uku shi ne ɓarnar da hannun mutum ya yi. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta bayyana cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da mutane suka aikata, kuma ana ɗanɗana musu sashen sakamakon ne ko sa komo. Gidajen kifaye na zamani sun mai da wannan babban aikinsu. Na garin Montere a Amurka, wanda aka buɗe a 1984, an gina shi ne a kan tsohuwar masana'antar zuba kifin sadin a gwangwani. Garin ya yi arziki da wannan kifi, aka yi ta kwasa ba ji ba gani, bayan shekarun 1940 kifin ya janye, masana'antu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mai ziyara yana tsaye ne a kan kufan wannan kwaɗayi. A Kanada ma, a 1992, gwamnati ta hana kamun wani babban kifi a gaɓar Niyufanlan bayan ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na kifayen teku da ake aunawa ana kamunsu fiye da yadda suke iya hayayyafa. A gidan kifaye na Kef Tawun kuwa akwai sashen jinyar kunkurun teku, inda ake kawo waɗanda ruwa ya jefo gaɓa, da yawansu sun haɗiyi leda da gutsattsarin roba suna tsammani abinci ne.

To, mai karatu na iya cewa wannan duka labarin mutanen bakin teku ne, ina ruwan Basakkwace da shi? Amsa ta farko tana ƙarƙashin ƙafarsa. Masana ilmin ƙasa sun gano cewa fiye da shekara miliyan 50 da suka shuɗe wani reshen teku ya ratsa inda Hamadar Sahara take yanzu, ya rufe ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, daga ɓawon halittun wannan teku ya taru. A yankin Dange da Wurno an tono haƙora da ƙasusuwan kifayen teku da na kadoji, har akwai wata ƙatuwar dabbar teku da ta ƙare tun tuni wadda masana suka raɗa wa suna da sunan Goronyo a 1972. Wanda ya gina ɗaki da simintin Kalambaina, a cikin ragowar teku yake kwana. Tsarki ya tabbata ga Mai juya al'amura.

Amsa ta biyu ita ce gulbi. Rima yana gangarowa ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin, ruwan ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. Kwara kuma ta bi ta Yawuri da Kainji da Jebba, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta zuba a Tekun Atlantika. Saboda haka ledar da aka jefa a lambatu a Sakkwato, in ruwan damina ya ɗauke ta, ta kama hanyar teku ke nan, in ba ta toshe magudana ko ta shiga cikin akuya ba tun a gida.

Amsa ta uku ita ce mafi nauyi, domin irin ɓarnar da ake nunawa a waɗancan gidaje tana da 'yan'uwa a bakin Rima. Al'adar kifin gulbi ita ce, in ruwa ya cika da damina ya malala cikin fadama, sai ya bi shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a can, in ruwa ya fara janyewa su komo gulbi. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo da aka gama a 1984 sun kawo noman rani da ruwan sha, amma sun rage malalar da kifi ke dogara da ita. Wannan ya sa abin da ya rage ya ƙara zama abin tattali. Duk da haka akan sami mai jan ruwa da gidan sauro, ya kwashe 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Akan sami mai zuba magimfa ko gamalin a tafki, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kai kasuwa ya sayar wa Musulmi guba, ga dabbobin makiyaya za su sha ruwan, ga yara za su yi wanka a ciki. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, amma tun kafin ita shari'a ta riga ta yi hukunci.

Gaskiya ne Allah Ya halatta farautar ruwa da abincinsa a Suratul Ma'ida, aya ta 96, kuma Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya nuna tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan tana daga cikin mafi yalwa a wannan babi. Sai dai halaccin abu bai zama izinin ƙarar da shi ba. Suratul A'arafi, aya ta 31, ta haɗa umurnin ci da sha da hanin almubazzaranci. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Arba'una Hadisi wanda kowane ɗalibi ke karantawa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hanin yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudana. In an hana wannan, ina ga mai zuba maganin ƙwari? Gulbi haƙƙin jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mai kwashe 'ya'yan kifi bana ya ci rabon masuncin baɗi, kuma za a tambaye shi.

Magabata sun san hanyar tattali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u a kusa da Madina ya zama hurumi, Sayyidina Umar kuma ya yi haka a Rabaza. Kabawa ma suna da irin wannan a ruwa. A Argungu ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki a buɗe na ɗan lokaci, a shiga da homa da gora. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa. Mutane sukan yi mamakin girman giwan ruwan da ake fitarwa a wannan rana, amma asirin ba wani ba ne illa hutun da aka ba ruwan. Abin da masana ke kira a yi a teku yau, watau keɓe wuraren da ba a kamu, shi ne abin da Argungu ta daɗe tana yi.

Sauran tambaya ɗaya: shin ya halatta a tsare halitta mai rai domin kallo? Malamai sun kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi bai hana shi ba, har ma ya lallashe shi da tsuntsun ya mutu. Suka kuma kafa hujja da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Daga haɗa biyun aka fahimci cewa tsarewa ta halatta bisa sharaɗin ciyarwa da kulawa da rashin azabtarwa. Gidan kifin da aka bar ruwansa ya ruɓe, ko aka cusa babbar halitta a ƙuntataccen wuri domin kuɗin shiga, ya zama kurkuku, zunubinsa yana kan masu shi.

Abin da ya kamata ke nan shi ne a samar wa yaran Sakkwato irin wannan makaranta daidai ƙarfin gari. Ba sai an ɗauko ruwan teku ba. Tankuna kaɗan masu ɗauke da kifayen Rima sun isa a fara: gargaza wadda ke renon ƙwanta a cikin baki, minjirya mai jan mutum da lantarki, talibambam mai kumbura in an taɓa shi, kurungu da tarwaɗa da ragon ruwa, da gaiwa wadda ke shiga laka ta kwana rani cur tana cin jikinta har ruwa ya sauka. A gefe a ajiye duwatsun Kalambaina da Dange masu alamun tsohon teku. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda mazauninta ke bakin fadamar Rima, tana da masana kifi, haka ma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa. Tsofaffin masunta kuma suna da ilmin da ba ya cikin littafi. Attajirin da ya yi waƙafi a kan wannan ya shiga cikin masu barin ilmi mai amfani. Kafin a kai ga haka, malamin Islamiyya na iya kai ɗalibansa bakin gulbi, limami na iya sa batun guba da gidan sauro cikin huɗubarsa kafin faɗuwar damina, uwargida kuma ta ƙi sayen 'ya'yan kifi, domin abin da ba shi da mai saye ba shi da mai kamu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa wannan birni, ya rubuta a cikin Usulus Siyasa cewa kula da masu sana'a da abin rayuwar talakawa yana cikin wajiban shugaba. Masunci yana cikin waɗannan, kuma ba shi da gona sai gulbi. Duk wanda ya koya wa mutum ɗaya ya bar ƙaramin kifi ya girma, ko ya hana gora ɗaya ta guba shiga tafki, ana kyautata zaton ya sami rabo daga addu'ar nan ta kifaye da hadisin Abud Darda'i ya ambata.

Allah Ya ba al'umma ilmi mai amfani da ikon aiki da shi. Allah Ya albarkaci gulabe da fadamu, Ya kiyaye masunta, Ya shiryi masu ɓarna, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana. Amin.